Ranar da Aka Kira Mu Raggwaye

A shekarun farko bayan an sami mulkin kai, mu samarin Gazara muna da ƙungiyar ƙwallo, ko da yake ƙwallon tamu guda ɗaya ce, ta fata, wadda duk ta sha ɗinki a wurin baduku. Ni ina tsaron baya, yayana kuwa shi ne ɗan gabanmu. Ba mu da takalma, kuma ba mu damu ba, don tafin ƙafarmu ya riga ya saba da kututturen rake.

Ana tsakiyar saran rake samarin Makarfi suka aiko mana da goron gayyata. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san lokacin nan ba na wasa ba ne. Tun da asuba ake shiga fadama, a sara, a ɗaure, a ɗauko a kai zuwa inda doki ke juya injin matsa, a tsaya kan wuta ana dafa mazarƙwaila. Mahaifinmu ya ce bai hana mu zuwa ba, amma sai mun gama aikin ranar. Haka iyayen sauran ma suka ce. Sai bayan azahar muka wanke jiki, muka hau kekuna goyo-goyo, muka isa Makarfi ana shirin busa usur.

Golar zamanin gora biyu ce a kafe, an ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan. Alƙalin wasa wani malamin makaranta ne mazaunin garin, da farar riga da gajeren wando. Su suka fara cin mu. Ba a jima ba yayana ya yanke mutum biyu ya ɗirka ƙwallo, ta daki igiyar ta ƙasa, ta wuce ciki. Ina tsaye a tsakiyar fili, na ga igiyar ta yi sama tana rawa. Alƙali ya ce ta sama ta bi. Muka kewaye shi, ya ce duk wanda ya ƙara magana zai fitar da shi. Bayan hutun rabin lokaci ƙafafunmu suka yi nauyi, suka ƙara mana ɗaya, aka tashi biyu da nema.

Kashegari bayan la'asar aka taru a rumfar mai gyaran keke, inda aka saba zaman hira. Wasu da ba su je kallon ba ma sun fi mu sanin abin da ya faru. Mai gyaran keke ya rantse cewa alƙalin nan a gidan su golan Makarfi yake cin tuwo. Wani tela ya ce ai ko makaho ya ji ƙarar igiyar ya san ta ƙasa aka dake ta. Wani kuma ya ce laifinmu ne da muka yarda aka ci gaba, da mun ɗauki kekunanmu mun tafi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, yana zaune kan benci yana jin su. Ya taɓa aikin reluwe a Zariya, ya ga manyan 'yan wasa da idonsa, saboda haka idan ya yi magana kan ƙwallo ba a cika musa masa ba. Ya je kallon namu. Da surutu ya lafa sai ya ce a daina fakewa da alƙali. Ya ce ko da an ba mu wannan ɗin, da an ci mu, don ya ga 'yan wasanmu suna tafiya a fili hannu a ƙugu kamar masu jiran mota. Ya ce yaran yanzu raggwaye ne, suna son a tafa musu, ba sa son gumi.

Yayana ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a mayar wa babba magana, ban kuma taɓa yi ba, amma na matsa na durƙusa gabansa.

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. A ce an ci mu, mun yarda. A ce ba mu iya ba, mun yarda. Amma wanda ya yini yana ɗaukar dammunan rake kafin ya shiga fili, ba a kira shi rago ba."

Kawu ya dube ni, bai yi fushi ba, ya ce, "Ɗana, fili bai san kun sari rake ba. Wanda ya tsaya, ya tsaya."

Na ce masa to, a ba mu fili a ranar da ba mu sara ba, a kawo alƙalin da ba na kowa ba, sannan a yi mana hukunci. Ya ce ga fili ga mai doki. Mutane suka rabu biyu, wasu na cewa na yi rashin kunya, wasu na cewa gaskiya na faɗa. Da labari ya kai gida mahaifiyarmu ta yi mini faɗa sosai. Na je na ba Kawu haƙuri kan tsayar da shi a gaban jama'a, amma na gaya masa maganar tana nan yadda na faɗe ta.

Ranar kasuwar Makarfi ni da yayana muka je muka sami shugaban samarinsu. Muka ce muna son a sake, a filinmu, da katako a saman gola maimakon igiya, da alƙali daga Ikara. Ya yi dariya ya ce wanda aka kayar ba ya rasa cewa santsi ne, amma za su zo.

Saura iyaye. Ba wanda zai bar rakensa ya bushe saboda tamaula, mu ma ba mu roƙa ba. Sai muka mai da kanmu 'yan gayya. Duk 'yan wasan mu taru a gonar mahaifin ɗaya mu gama masa, gobe mu koma ta wani, har muka ci ƙarfin aikin. Da yamma kuma mu zagaya fadama da gudu, mutane na yi mana dariya suna cewa aljanu sun kama 'yan ƙwallo. Wani kafinta ya ba mu katako biyu, muka kafa su da kanmu. Ranar wasan mahaifinmu ya ce mu bar masa dokin da injin, shi da maƙwabcinsa za su ji da su.

Alƙalin da aka samo daga Ikara wani ma'aikacin asibiti ne, gajere, marar yawan magana. Bai raga mana ba. Tun ba a yi nisa ba na sa wa ɗan gabansu ƙafa a kusa da gola, ya ba su fenariti, suka ci. Jama'armu suka yi ca a kan alƙalin, ni kuwa na san na taɓa mutumin. Yayana ya zura ɗaya, alƙali ya ce satar gida ce, ya soke. Muka haɗiye, muka ci gaba. Bayan hutu muka tsare su a gidansu, ba su ƙara ƙetare tsakiya da daɗi ba. Ana dab da tashi wani ɗan maƙeri da ke buga mana gefen hagu ya kawo ƙwallo ta sama, yayana ya sa mata kai, ta shige ƙasan katako. Aka tashi ɗaya da ɗaya, 'yan Makarfi na zube a ciyawa suna haki, mu muna tsaye.

Da aka koma rumfar mai gyaran keke, gardama ta koma kan fenaritin da kuma satar gidan. Tela ya ce wannan alƙalin ma an saye shi, na ce masa a'a, ni na yi laifin, a bar bawan Allah. Kawu bai janye kalmarsa ba, ban kuma nemi ya janye ba. Abin da ya ce kawai shi ne mun yi gudu, amma ba mu iya miƙa wa juna ƙwallo ba, kowa so yake ya ci shi kaɗai.

Na ce, "Wannan mun karɓa, Kawu. Shi ana koyonsa."

Ya ce in haka ne mu same shi a fili ranar Juma'a bayan an sauko, kuma duk wanda ya makara ya koma gida. Muka je, muka tarar ya riga mu, ya naɗe ƙafar wando.