Sunan da Yamusa Bai Taɓa Kira Ba

Yamusa mai fenti ya shigo Abuja a shekarun da farar hula suka dawo mulki, lokacin da gine-gine ke tsirowa ta ko'ina kamar ciyawa bayan ruwan farko. Daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ya taso, ya bar mata da 'ya'ya a gida. Ya shafe manyan gidaje a Gudu da Asokoro, waɗanda ko a mafarki ba zai kwana cikinsu ba, amma ɗakinsa na haya a Jikwoyi ko farar ƙasa bai taɓa gani ba. In aka tsokane shi sai ya ce ai bangon bai kai ƙara ba.

Gida sai Kirsimeti. Ya je ya tarar yara sun ƙara tsawo ba da saninsa ba, ya juyo. Cikinsu duka, wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Sale. To, amma Sale ɗan fari ne, Yamusa kuwa mutumin da ne. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "kai", yadda nasa uban ya yi masa. Kowa a garinsu ya san wannan kunya ce, ba ƙi ba. Ko da waya ta isa ƙauyen, hirarsu ba ta wuce gaisuwa, sai yaron ya ce, "Ga Inna," ya miƙa. Yamusa ya zauna bakin katifa riƙe da waya, kewa tana cin sa.

Fasto Andrew na cocinsu na Hausa ne ya ɗora masa kula da matasa, ba don wani iliminsa ba, sai don shi kaɗai ne ba shi da wurin zuwa ranar Lahadi da yamma. Ya kuwa sha wuya! Yaran Abuja ne, Hausarsu ta sha Turanci ta ƙoshi, su kalli babba tsakar ido su ce ya ba su dalili. Ranar farko ya koma ɗaki yana ƙunƙuni, wai waɗannan ba su ga tarbiyya ba. Bai dai fasa zuwa ba. A hankali ya lura in ya rage wa'azi ya yi shiru, sai su buɗe masa cikinsu. Ya so su, har yakan ƙagu Lahadi ta zo.

Kafin a tashi yakan yi musu addu'a, kowa da sunansa, ba ya tsallake ko ɗaya. Sannan ya rufe da cewa, "Da na gida, ya Ubangiji, ka san su."

Wata Lahadi, ana cewa amin, Christiana ta ɗaga hannu. 'Yar wani ɗan sanda ce, ba ta wuce sha biyar ba, bakinta ba ya ɓoye komai.

"Baba, kullum kana kira sunanmu, amma yaranka sai 'na gida'. Su ba su da suna ne?"

Ya yi dariya, ya jero mata sunayen ƙananan.

"First born fa?"

"Wannan ba a faɗa."

Matasan suka kwashe da dariya. Yamusa ya gyara zama ya yi musu bayanin kunyar ɗan fari, har da ɗan alfahari. Christiana ba ta yi dariya ba.

"Shi ya san kunya ne? An gaya masa?" ta ce. "Ni babana in ya ce 'ke', na san na yi laifi. In ya ce Christiana, ranar nan ina da baba."

Ransa ya ɓaci. Yarinyar da aka haifa jiya za ta koya masa riƙon ɗa? Ya sallame su da wuri. Amma maganar ta bi shi har kan tsani. Yana shafa silin sai ya tuna ubansa, wanda ya rasu bai taɓa ce masa Yamusa ba. Ya san kunya ce, tun yana yaro ya sani. Duk da haka, ga furfura ta fito masa, har yanzu yana so ya ji yadda sunansa zai fito daga bakin tsohon.

Cikin makon nan maiɗakinsa ta shaida masa Sale zai bi wani mai walda zuwa Fatakwal, ko Kirsimeti ba zai jira ba. Yamusa ya san tafiyar neman abinci, shi ma ita ta kawo shi nan. Yaron zai tafi, ya zama magidanci a wani gari, ya tsufa da irin wannan jiran.

A gidan da yake aiki, in leburori sun fita cin abinci, sai ya tsaya tsakiyar falon da ba kowa ya gwada kiran sunan ɗan nasa. Sunan ya yi masa nauyi a baki, har ya waiga ko wani ya ji.

Ana gobe tafiyar, da rana tsaka, ya goge hannu a wando ya kira gida. Ya ce wa maiɗakinsa ta ba yaron.

"Ina wuni, Baba."

"Sale."

Yamusa yana jiyo kukan akuya daga can gida, da luguden mata.

"Baba... lafiya? Wani abu ya faru ne?"

"Lafiya lau. Ba abin da ya faru."

Ya jira ya ji an ce ga Inna. Yaron bai miƙa wayar ba. Can sai ya ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Sake faɗa, Baba. Layin ba kyau."

Layin kuwa garau yake.