Wata Goma Sha Huɗu Ban Ga Rana Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasunku sun gaji da tambayar sabbin atamfofin da nake saro muku daga bakin iyakar Benin. Ga abin da ya same ni.

Maigidana ya rasu ina da cikin wata biyu. Kun san mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu, don haka tawa ta kai wata bakwai. Gidanmu na Kaoje gidan gandu ne, ƙannensa maza suna shiga da fita a tsakar gida, sai surukata Inna ta ce in zauna ɗaki. Ɗakin kuma tagarsa ɗaya, an toshe ta da buhu saboda sauro.

Na haifi Hafsatu, na shiga jego.

A cikin jegon ciwon ya fara. Ba zazzaɓi, ba kumburi. Ƙugu da cinyoyi ne kawai suke min tsami can cikin ƙashi. Idan na zauna a tabarma, tashi sai na dafa bango. Tafiyata ta koma irin ta agwagwa, matan gida suna tsokanata, ni ma ina taya su dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba.

Inna ta dube ni ta ce, "Sanyi na, ɗiyata. Wanka na bai ratsa ki ba. Kak ki sake hita iska." Aka ƙara min kwana arba'in na ruwan zafi, aka ajiye kaskon wuta kusa da gado, aka lulluɓe ni. Duk abin da ya jawo ciwon, shi aka ninka min da sunan magani. Ban ga laifinta ba, abin da ta sani ke nan, amma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Na koma sallah a zaune. Yatsuna suka fara ƙandarewa da kansu. Wata safiya na sunkuya zan goya Hafsatu, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na zube. Ita tana kuka a gefe, ni ina kallonta, na kasa miƙa hannu. Ranar na ji tsoro na gaske. Uban yarinyar nan ya tafi, ga uwar tana neman zama gurguwa.

Mata suka riƙa shigowa dubiya, suna rage murya idan sun kai ƙofa. Na ji wata tana cewa wai mamacin ne bai sake ni ba.

Yayana Umaru ya zo daga Bagudo, ya gan ni, bai ko zauna ba. Ya sayar da shinkafar da ya ajiye ta iri, ya ɗauko mota zuwa asibitin Birnin Kebbi. Kowane rami a hanyar nan sai da na ji shi a ƙashina.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, muka jira sakamako kwana shida. Likitar mace ce. Ta danna ƙaurina da yatsa, na yi ƙara. Ta ce, "Malama, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?"

Na ƙirga. Wata goma sha huɗu.

Ta ce akwai bitamin D, wanda jiki ke yi idan rana ta sami fata, shi ke sa ƙashi ya yi ƙarfi. Nawa ya yi ƙasa ƙwarai, ƙasusuwana sun yi laushi, na ƙugu har ya tsage. Ni da nake garin da rana ke gasa mutane, wai rashinta ya kwantar da ni.

Sai ta ce, "Jaririyar fa? Tare kuke a ɗakin?"

Na ce tare muke. Ta taɓa wuyan hannun Hafsatu, ta duba ƙafafunta. Ta ce ita ma ciwon ya taɓa ta.

Aka ba mu magani, ni ƙwayoyi, ita na ɗigawa. Aka ce kifi, ƙwai, nono, da zama a rana kowace hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Yaya ya tambayi malami, malamin ya ce takaba ba ta hana mace zama tsakar gidanta. Da Inna ta ji, sai ta ce, "Ba mu sani ba." Ita da kanta ta kewaye min wuri da zana a bayan ɗaki.

Wata huɗu kafin na yi ruku'u a tsaye. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Yaya, da likitar nan, da duk wanda ya yi min addu'a.

Idan akwai mai takaba ko mai jego a gidanku, ku keɓe mata inda za ta sha hantsi. Ciwon ƙashin da ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti, kada a tsaya kan cewa sanyi ne. Kada kuma a sayi maganin a sha da ka.

Hafsatu ta fara tsayuwa. Ƙafarta ta hagu ta ɗan gwame, likita ta ce mai yiwuwa ta miƙe, mai yiwuwa. Kullum da hantsi ina zaunar da ita a cinyata ina duba ƙafar. Ku sa ta a addu'a.