Kunnen Nowaga

Lokacin da Tanti Zalisa ta ɗauke ni riƙon kyamara a gidan wasanta da ke unguwar Gungen, a Wagadugu, Nowaga Tapsoba ya riga ya yi furfura a gemu. Shi ne mai ɗaukar sauti. Duk unguwar ta san shi da abu guda: mutumin nan da ke fitowa ƙofar gida da abin saurare rataye a wuya, yana yi wa duniya tsawa ta yi shiru.

Gidan wasan namu ba wani babba ba ne. A tsakar gida muke bitar wasan dandamali, ƙarƙashin mangwaro. Ɗaki ɗaya na kayan sawa da fitilu, ɗaya na kwamfutar da nake haɗa hoto, na ƙurya kuwa na Nowaga ne. Da hannunsa ya liƙe bangon da kwalayen ƙwai, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya hana a sa fanka don kada ƙararta ta shiga makirufo. In ka shiga ka fito sai ka matse riga. A wannan tandar ake ɗaukar abin da ke ciyar da mu: tallan sabulu, tallan maganin sauro, sanarwar makarantu, da wasannin rediyo cikin Mosanci.

Nowaga ɗan manomi ne daga Kumbisiri. Ya shigo birni yana saurayi ya koyi gyaran rediyo a bakin kasuwa, daga nan wasu 'yan wasa masu yawo ƙauyuka suka ɗauke shi ɗaukar lasifika, bai sake komawa kan teburin gyara ba. Abin alfaharinsa a duniya kunnensa ne. Da ƙoƙo biyu yake yi maka tafiyar jaki, da shinkafa a kan faranti yake yi maka ruwan sama, da leda yake kunna wutar daji. In ya gama sai ya dube mu ya ce, "Ku masu hoto yaudara kuke yi. Mu da ido a rufe muke kai mutum garinsu."

Sai dai Allah ya haɗa shi da maƙwabci. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da injin niƙan Drabo, shi kuwa Drabo mutumin Samo ne, abokin wasan Mosawa irin su Nowaga, ba dama a yi fushi da shi na gaske.

"Drabo! Bawan ubana! Kashe tsinannen injin nan, muna ɗauka!"

"Wa kake ce wa bawa? Ku ji mini Bamoshe da rashin kunya! In na kashe, tallan sabulu matan unguwa za su tuƙa wa mazansu?"

"Maciyin kare kawai!"

"Na gode, ranka ya daɗe. Ka gaida akwatin maganar."

Sai Drabo ya zauna cin wake da shinkafarsa da rana injin ke hutawa. A lokacin muke rige-rigen ɗauka, a lokacin ne kuma aka fi son ɗauke wuta. In wuta ta tsaya, zabin maƙwabta su ɗauka. In zabi sun yi shiru, wani ya tsaya ƙofar gida yana murɗa babur. Haka Nowaga ya yi shekaru yana wannan yaƙi, bai taɓa cin nasara ba, bai kuma taɓa ajiye makami ba.

Shekarar da abin ya same shi, wata ƙungiya ce ta ba mu aikin wayar da kai a kan sa hular kwano. Wasan rediyo, da wasan dandamali da za a zaga da shi kasuwanni. Suka haɗa mu da wani jami'insu mai ɗaure wuya, wanda bai taɓa jin abu sau biyu ya yi magana iri ɗaya ba. Nowaga ya haɗa ƙarar hatsarin babur da tukwanen ƙarfe da fasassun kwalabe. Jami'in ya ce ta yi ban tsoro, za ta firgita yara. Aka sassauta. Ya dawo ya ce wannan ai kamar an ya da kwano ne a kicin. Aka mayar da ta farko, ya ce yanzu ne aka yi aiki, me ya sa ba a yi haka tun tuni ba. Yana fita Tanti Zalisa ta cire ɗankwali ta yi fifita da shi.

"Na rubuta wasanni nawa a rayuwata," in ji ta, "yau ga ni wanda bai san bambancin labule da zani ba yana koya mini kuka."

Amma akwai ƙorafi ɗaya da jami'in ya riƙa maimaitawa wanda ni ma na ji a raina gaskiya ne. Ya ce muryoyin sun yi tsini, suna soka kunne. Nowaga ya ce rediyon motarsa ce ta lalace. Ni dai na fara lura. Yana yawan sa 'yan wasa su maimaita magana, wai suna cinye harafi. Ya kwance makirufo ya hure ya ɗaure, ya ce jabu ne. In ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da dukan jikinsa. Faɗansa da Drabo ma ya ragu, muka ɗauka girma ne ya zo.

Wata rana Rasmata, wadda ke fitowa a matsayin uwar yaron da ya yi hatsari, tana tsakiyar kuka a gaban makirufo, sai ta tsaya.

"Kawu Nowaga, akwai gyare a ɗakin nan."

"Babu wani gyare. Ci gaba."

"Wallahi akwai, ga shi yana ta tsuwwa bayan katifa."

"Ke, ni za ki koya wa ji? Tun ba a haife ki ba nake sana'ar nan. Kukan ne ya gagare ki, ki faɗi gaskiya."

Ta haɗiye ta ƙarasa. Da aka kunna a saurara, ga kukan gyare nan tun daga farko har ƙarshe, tar kamar shi aka gayyato. Tanti ta dube ni, na dubi ƙasa. Nowaga yana zaune da abin saurare a kunne yana gyaɗa kai.

"Tsaf," ya ce. "Ko ƙura babu."

Da ya tafi cin abinci, ni da Rasmata muka ɗaga katifa muka kore gyaren, muka ce masa kwamfuta ce ta cinye aikin, a sake. Ya zagi kwamfuta da wanda ya ƙera ta, aka sake.

Ranar da muka kai wasan kasuwar Kumbisiri, garinsu, ya sa sabuwar riga ta saƙi. 'Yan uwansa suka cika gaba, tsofaffi a kan benci, mata da goyo a tsaye. Bayan la'asar aka fara. Rasmata ta durƙusa kan yaronta, ta matso kusa da lasifika fiye da yadda aka yi bita, sai na'ura ta saki wani siririn ihu mai huda ƙwaƙwalwa. Mata suka toshe kunnuwan jarirai. Jakai suka ɗauki kuka. Masu sayar da tumatir suka miƙe suna zagi. Shi kuwa Nowaga yana bayan teburinsa, kai a sunkuye kan maɓallai, fuskarsa a sake. Tanti tana ɗaga masa hannu bai gani ba. Sai da na ajiye kyamara na ruga na fizge waya.

Ya ɗago a fusace. "Kai mahaukaci ne? Wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

Sai ya ga jama'a. Ya ga hannaye a kan kunnuwa, ya ga yayansa tsoho yana girgiza kai. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya cire abin sauraren a hankali, ya naɗe wayarsa, ya ajiye a kan teburi. Aka ƙarasa wasan da baki, ba lasifika. A mota har muka shigo birni, zomkom ɗin da ƙanwarsa ta ba shi a gora, abin shan garin gero, ko buɗewa bai yi ba.

Tanti ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, don da kansa ba zai je ba. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma ya daina kama siraran sauti, kuma ba abin da zai dawo da su. Da suka dawo ta zaunar da shi ƙarƙashin mangwaro.

"Nowaga, ba korarka zan yi ba. Gidan nan tare muka gina shi. Amma sauti sai an kawo wani. Ka koma kan fitilu."

"Fitila? Ni? Aikin da ko akuya aka ɗaura wa tocila za ta yi?"

"To ka zama akuyar da ta fi kowace iyawa."

Bai yi dariya ba. Ya hau kekensa ya tafi, aka daɗe ba a gan shi ba. Matarsa ta ce mana yana zaune a gida yana kwance rediyoyin da lafiyarsu ƙalau. Sai da damina ta wuce muka gan shi wata safiya a ɗakin kaya, yana goge fitilu da tsumma yana mita cewa wanda ya naɗe wayoyin nan bai da tarbiyya. Ba wanda ya ce masa sannu da zuwa. Rasmata ta ajiye masa shayi kawai.

Wadda aka kawo kan sauti Wendiyam ce, wata mata da ta yi aiki a gidan rediyo, mai haƙuri kamar dutse. Ta sa na'urar sanyaya ɗaki mara ƙara, Nowaga ya ce an lalata ɗakin. Ta nemi ya koya mata ruwan sama da shinkafa, ya ce ta je kwamfutarta ta yi mata. Bayan wani lokaci muka same shi yana nuna mata yadda ake karkata farantin, yana faɗa kamar ta yi masa sata. 'Yarsa ta saya masa na'urar ƙara ji, ya sa ta kwana kaɗan ya ce duk wanda ya haɗa sautinta a kore shi daga aiki, ya jefa ta aljihu.

Fitilun kuwa ya iya su, ko da yake har yau bai yarda aiki ba ne. Yana nan yana hawa tsani da gwiwoyinsa masu ƙara. Makon jiya muna bitar sabon wasan Tanti, yana can sama yana ɗaure fitila, sai ya leƙo.

"Wendiyam! Muryar yarinyar nan ta nutse, ƙara mata!"

Muryar ba abin da ya same ta. Wendiyam ta ɗora yatsu a kan wani maɓalli da ba a haɗa shi da komai ba, ta murɗa.

"Yaya yanzu, Kawu?"

Ya karkata kunnen dama, ya saurara, ya taɓe baki.

"Da sauƙi," ya ce. "Miƙo mini filaya."