Mutumin da Bai Bar Ruwa Ya Cinye Hanyar Maƙabarta Ba

Idan aka kwana ana ruwa a Kwarin Ledford, kowa ya san inda zai sami Doyle Crabtree da safe. Ba ya gida, ba ya shagon wata mata mai suna Wanda inda tsofaffi ke shan gahawa suna zagin gwamnati. Yana can ƙofar gandun shaƙatawa na jiha, ya ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa a gefen kwalta, ya saɓa shebur da manjagara, ya sunkuya ta ƙarƙashin sarƙa, ya kama hawan tudu da ƙafa. Duk kwalbatin da ya iske sai ya durƙusa ya leƙa. In ya hango haske ta ɗaya bakin, ya wuce. In bai hango ba, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya yi ta zaro ruɓaɓɓen ganye da tsakuwa har ruwa ya sami mafita. Hanyar ƙasa ce a jikin dutse. Kwalbati ɗaya ya toshe, ruwa ya hau kanta, kafin mako ya zagayo ta zama kwazazzabo.

Fiye da shekara talatin Doyle ya yi wannan aiki ana biyansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ya ci gaba da yi bayan an daina biyansa.

Shekarar da ’yan majalisar jiha suka zaftare kasafin kuɗi, gandunmu yana cikin waɗanda aka rufe. An ce babu kuɗi. To, mun ji. Aka sallami ma’aikata, Doyle ya miƙa mabuɗansa, aka ɗaura sarƙa da kwaɗo. Masu kamun kifi suka rasa kogi, yara suka rasa wurin iyo, cocinmu ta koma yin baftisma a cikin kwatarniyar roba kamar ana wankin bargo. Duk wannan ana iya haƙuri. Abin da ba ya haƙurtuwa shi ne maƙabartar da ke can ƙarshen hanya, a saman tudu. Kakanninmu ne suka tashi daga gonakinsu lokacin da jiha ta mai da wurin gandu, suka bar matattunsu a can bisa alkawarin hanya za ta zauna a buɗe. Babu wanda ya tuna da wannan alkawari ranar da ake raba kuɗi a babban birni.

Lahadin Ado ta zo, ranar da kowace shekara muke hawa mu kankare ciyawa daga kan kaburbura, mu tayar musu da ƙasa, mu jera furanni, mu yi waƙa, mu shimfiɗa abinci mu ci tare da namu. Muka taru a bakin ƙofa da soyayyar kaza da burodin masara, muka tsaya cirko-cirko muna kallon kwaɗo. Masu ƙarfi za su iya takawa. Goggo Opal Ledford kuwa, wadda duk kwarin ke kira Goggo, ta haura tamanin, ko daga mota zuwa kujera sai an riƙe ta. Mijinta Harlan yana can sama, an kuma bar mata gurbi a gefen hagunsa.

Sai ga Lonnie, ɗan ƙaninta, ya fito da ƙaton almakashin yanke ƙarfe daga bayan mota. Doyle ya sha gabansa.

“Matsa, Baba Doyle,” in ji Lonnie. “Ƙasar kakana ce, ba ta wani mai ƙaton tumbi a majalisa ba.”

“Yanke mana,” in ji Doyle. “Yau ka yanke, ka ci kazarka a sama. Jibi su turo katafila ta haƙa rami a nan ta jibge duwatsu, kamar yadda aka yi a gandun hayin kogi. Sai ka dawo da almakashinka ka yanke dutse.”

“To mu yi yaya? Mu bar ta a titi?”

Goggo Opal ta ɗaga murya daga kujerarta. “Kai Lonnie, ajiye abin nan kafin ka datse yatsa, na san ka da wuƙa ma ba ka iya ba.”

Aka yi dariya, amma gajeriya. Ta yafito Doyle, wanda take kira da sunan mahaifiyarsa Hazel, ta ɗora masa kwandon furannin takarda da ta shafe damina da hunturu tana naɗewa tana tsomawa a kakin zuma don kada ruwa ya ɓata su.

“Ɗan Hazel, ja za ka sa wa Harlan wajen kai. Ba ya son ruwan ɗorawa, cewa yake kamar mai ciwon shawara.”

Muka hau muka bar ta ƙarƙashin bishiya da ’yarta. Ban taɓa jin waƙarmu ta yi nauyi a baki kamar ranar ba. Da muka sauko da yamma, tana nan inda muka bar ta, abincinta a rufe ba ta taɓa ba. Wanda mai shago tana kusa, ita ta ji abin da Goggo da Doyle suka faɗa.

“Gurbina yana nan?”

“Yana nan, Goggo. Na share shi.”

“Tsoro nake ji, ɗan Hazel. Ba na mutuwa ba, wannan na shirya mata tuntuni. Tsoro nake a kai ni maƙabartar gari, bayan gidan mai, cikin mutanen da ban san iyayensu ba. Ranar da zan tafi, ko sun yarda sun buɗe ƙofar nan, ina hanyar take? Ruwa ya gama da ita.”

Doyle ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya alkawarin abin da ba ya hannunsa.

“Ƙofa ba tawa ba ce yanzu, Goggo. Amma hanya, in dai ƙafata tana ɗauka ta, za ki same ta.”

Washegari ya je wurin Charlene Pruitt, jami’ar da aka bar wa gandaye rututu ita kaɗai tana zagayawa. Ta ce ba ta da ikon ba shi mabuɗi, ba ta da ikon barin inji ya shiga, amma ba za ta hana mutum tafiya da ƙafa da shebur ba. Da wannan ɗan izini ya fara. Ya sami aikin jera kaya a shagon ƙusa da katako don tukunya ta ɗoru, ya kuma gaya wa mai shagon tun ranar farko cewa duk safiyar da ta biyo bayan ruwa zai makara.

Mutane sun gani. Wani maharbi ya iske shi a kan wata ƙatuwar bishiya da iska ta kayar ta tare hanya, yana yankanta da zarton hannu, ya ce kwana da kwanaki ya yi yana dawowa kanta kafin ta rabu. Wanda mai shago ta ga hannayensa cikin hunturu, sun tsattsage har ba ya iya riƙe kofi sai da hannu biyu. Matarsa Nadine ta gaji ta yi masa tatas a gaban mutane: “Ni dai ban san ranar da aka ɗaura maka aure da kwalbati ba. Ka faɗi a can ka karye, wa zai ji ka?” Ta gama faɗan, ta cusa masa burodi da nama a aljihu. Akwai masu cewa wauta ce, gyaran hanyar da babu motar da za ta bi. Ni ma na ji ana faɗa ban tanka ba, Doyle kuwa ko a jikinsa.

Kai ne, Doyle, ka gane cewa rufe ƙofa abu ne na takarda, gobe wani zai iya sa hannu a buɗe, amma hanyar da ruwa ya cinye babu mai sake gina mana ita. Kai ne ka riƙe wa jama’a ƙasarsu a lokacin da aka ce su tsaya a waje. Ba ka da kabari ko ɗaya a tudun nan, iyayenka a gari suke kwance. Ɗan Hazel, mai tsare hanyar wasu, ka yi abin da mu masu dangi a can ba mu yi ba.

Goggo Opal ta rasu a ƙarshen hunturu na biyu, bayan mako guda ana tafka ruwan da kan zo mana a irin wannan lokaci. Ran kowa ya tashi. Mai motar gawa, Mista Stamper, ya ce shi fa ba zai jefa motarsa a rami ba, gara a haƙa a gari a huta. ’Yar marigayiya ta yi ta kuka a shagon Wanda. Charlene ta samo izinin buɗe ƙofa na yini ɗaya, ta zo da mabuɗi a hannu, ta ja Doyle gefe.

“Mista Crabtree, ka gaya mini gaskiya don kada mu wahalar da gawa. Sauran gandayena hanyoyinsu sun tafi. Akwai hanya a nan?”

“Akwai. Sai wuri ɗaya kusa da sama, ƙasa ta zaftare shekaranjiya, ta fi ƙarfina. Na jera itatuwa, mutum zai wuce.”

Aka cire sarƙa. Motar Mista Stamper ta shiga gaba, muka bi a hankali. Ta kowane gefe ruwa yana gudu ƙarƙashin hanya, yana fita ta inda ya kamata ya fita. Mun haye gangara bayan gangara tayar mota ko sau ɗaya ba ta kafe ba. A wurin zaftarewar muka tsaya, maza suka ɗauki akwatin a kafaɗa, Lonnie a gaba yana kuka kamar ƙaramin yaro. Doyle bai taɓa akwatin ba. Yana ƙasa cikin laka har gwiwa, ya dafe itacen gefe da ƙirjinsa don kada ya mirgine ƙarƙashin ƙafafun masu ɗauka, bai saki ba sai da mutum na ƙarshe ya haye.

Aka kwantar da ita hagu da Harlan, suna fuskantar gabas, a kabarin da maƙwabta suka haƙa da hannu. Da muka sauko, Charlene ta mayar da kwaɗo tana ba mu haƙuri, idonta jawur. Ba mu ga laifinta ba.

Har yau gandun a rufe yake. Kowace shekara ana cewa baɗi. Doyle kuma gwiwoyinsa sun gama, likita ya ce shi da hawan tudu sai dai kallo, Nadine ta rantse za ta ɓoye masa takalma in ya yi gardama. Saboda haka nake cewa a gaban kowa: mun gode, Doyle. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya sa ka ga ranar da za a cire sarƙar nan gaba ɗaya. Mun yi jinkirin faɗa, ka yafe mana.

Amma godiya ba ta buɗe kwalbati, kuma damina tana tafe. Charlene ta ce izinin da ta ba shi ya shafi duk mai ƙafa da shebur. Lonnie ya ce zai zo, na ce zan zo, mu biyu ba za mu iya aikin da mutum ɗaya ya yi ba, gaskiya ke nan. Ku da kuke da uba ko kaka a can sama, ku fito ranar Asabar da safe a bakin ƙofa. Mahaifina yana tudun nan, mahaifiyata kuma numfashinta ya fara gajarta, na riga na riƙe hannunta na ce mata za a kai ta wurinsa. Don Allah kada ku bari in yi wa tsohuwa ƙarya.