Dutsen Gefen Hagu

Har yanzu idan na gyangyaɗa bayan la'asar, hanyar nan nake gani, ja wur, ta ratsa gonakin rake, ni kuma ina cikin akori-kurata ina tafiya ba ƙarar inji. A mafarkin tayoyinta ba sa taɓa ƙasa. A zahiri kuwa ta taɓa ƙasa, har rami ta sha taɓawa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na saye ta. Mahaifina falke ne, rayuwarsa duka a bayan jakuna ya yi ta, tsakanin Paki da Ikara da Kudan, ya kai mazarƙwaila ya dawo da kanwa da gishiri. Da gwiwa ta matsa masa sai ya damƙa mini jakunansa tara ya ce in ci gaba. Ban yi wata huɗu ba na sayar da su kaf, na haɗa da abin da gonar rakena ta ba ni, na jawo wata tsohuwar akori-kura shuɗiya daga Zariya. Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya zagaya ta sau ɗaya da sandarsa, ya koma kan dakali ya zauna, kuma daga ranar bai yarda ya sa ƙafarsa a cikinta ba. Sai in tarar da shi a hanyar kasuwa yana ɗingishi, in tsaya in buɗe masa ƙofa, ya yi mini Allah ya kiyaye hanya kamar wani baƙo, ya wuce. Wallahi abin nan ya fi ci mini rai fiye da kome a lokacin.

Mu biyar ne masu irin motar a tsakanin Makarfi da ƙauyukanta, kuma dukanmu ba mu da kai. Idan kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, burji bai gama bushewa ba, sai mu sa rana mu yi tsere daga gindin wata tsamiya zuwa wata kuka a hanyar Gazara. Ba abin da ake ci, sai baki da za a yi ta yi har shekara ta zagayo. A tsakiyar hanyar akwai wata kwana a bakin fadama, ita ce ke raba direba da mai riƙe sitiyari. A tseren farko na shige ta da ƙarfina, sai na ji bayan motar yana so ya riga gaban isa. Kafin in ce me, ga ni a tsakiyar raken wani bawan Allah, hancin mota na kallon inda na fito. Shekara guda ana ce mata mai rawa.

Na sha alwashin sai na zaunar da ita. Bakanikenmu ya zare ƙarfe ɗaya daga sifirin na baya don ta rage tsalle, ya canza shokazoba, ya rage iskar tayoyi. Ta ɗan yi hankali, amma a kwana tana nan da halinta. Ya ce bayanta ne ba nauyi, in sa mata kaya. Ni kuwa da gaggawa na cika buhu uku da yashi na jibge su can ƙarshen bodi, jikin marfin baya. Ai sai abin ya ƙara lalacewa. Da can rawa take yi, yanzu kuwa juyi.

Duk wannan a ƙofar gida nake yi, Baba na kan dakali yana jan carbi kamar ba ya gani. Wata safiya ina cikin gyara buhunan, na ji muryarsa, ba ma ni yake kallo ba.

"Wa ya ɗaura wa dabbar nan kaya a kan wutsiya?"

Na tsaya cak. Ya miƙe da ƙyar, ya zo ya leƙa bodin, ya girgiza kai. Ya sa na jawo buhunan gaba, daidai saman tayoyin baya, ya ce nan ne ƙashin bayanta. Ya sa na kwantar da su a shimfiɗe, kada ɗaya ya hau ɗaya, domin kayan da ya yi tsawo shi ke kayar da jaki a gangare. Igiyar kuwa da hannunsa ya ɗaure, irin ƙullin nan nasu da ba ya sakewa sai an so. Daga nan ya ce in shiga in zauna a mazaunina. Ya koma baya ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya daɗe yana kallo da ido ɗaya.

Ya ce ta karkata dama. A lokacin sitiyari a dama yake, ni kuma Allah ya yi ni da jiki. Ya tuna mini yadda suke yi da mangala idan gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya: a nemi dutse a jefa a gefen da ba nauyi. Muka samo wani dutse a bayan gida, ni da maƙwabcina muka ɗora shi a gefen hagu, inda fasinja ke zama. Baba ya sake durƙusawa, ya ce ya yi. Ya daki bodin da tafin hannu sau biyu, yadda yake yi wa jaki idan an gama ɗauri. Na buɗe baki zan ce ya shigo mu gwada, sai na ga har ya juya ya nufi dakalinsa.

Na gwada ta ni kaɗai. Ta shiga kwanar nan a natse, kamar ba ita ba. Na yi murna, amma murnar ba ta cika ba, don duk juyawar da zan yi hagu dutse nake gani.

Ranar tsere na fito da hantsi, raɓa ba ta gama bushewa ba. Sai na ga dutsen a ƙasa, kusa da taya. Na ɗaga kai, ga Baba zaune a gefen hagu, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ja hularsa ya danne, yana kallon gaba. Yadda aka yi ya turo dutsen waje, har yau ban sani ba.

"Dutsen nan bai san ya karkata a kwana ba," in ji shi. "Tayar mu je."

Na kama makulli na tayar da ita. Tseren kansa ba na iya tuna shi daki-daki. Ina tuna ganyen rake yana wucewa kore shar, da balbelu da suka tashi daga fadama a hankali kamar ba sa so, da ƙamshin ruwan rake da ake dafawa a wani wuri. Da muka doshi kwanar sai na ji Baba ya kwanto da jikinsa yana yi mata 'yar ƙarar nan ta harshe da yake lallashin jakuna da ita a bakin rafi. Ta shiga, ta fita, ko gezau. Mu muka zo na uku, kuma ban damu da wanda ya zo na ɗaya ba.

A gindin kukar bai sauka nan da nan ba. Ya shafa gaban motar, ya ce tana da hali amma tana jin magana. Sannan ya ce jibi zai je Ikara, in fito da wuri.

Damina biyu ya yi yana zama a gefen nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki na mayar da dutsen mazauninsa, na zaunar da wani mai irin jikina a sitiyari, na durƙusa a baya na duba da ido ɗaya yadda ya koya mini. Daidai take, ba ta karkata ko'ina ba. Amma duk ranar da na doshi kwanar fadama sai na rage gudu na saurara, har na sayar da motar ban daina ba.