Mutumin da ya koya wa na'ura jin maganar 'yata

"Baba, kai ba ka da kowa ne?"

A kan matakalar bene 'yata ta jefa masa wannan tambaya. Harshenta a nauyaye yake tun haihuwa, ni kaɗai nake gane maganarta. Amma ran nan wayar da ke rataye a wuyanta ta saurare ta, ta maimaita tambayar da ƙarfi, tar-tar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Farfesa ya ajiye jakarsa, ya yi dariya har da tari. "Maman yarinya, kada ki tsawata mata. Ba ki ji ba? Ko kalma ɗaya na'urar ba ta ɓata ba."

Ya ɗauki jakarsa ya wuce.

Shi ne maƙwabcinmu na sama, malamin ilimin kwamfuta a jami'a. Kullum da safe yakan sauko da tsohuwar jakarsa, ya gaida mai gadi, ya tafi. Da yamma ya dawo da burodi ƙwaya ɗaya. Kujera biyu ce a barandarsa, ɗayar ta yi ƙura.

Aikin rayuwarsa shi ne koya wa na'ura fahimtar masu nauyin harshe. Ya fara ne bayan shanyewar ɓarin jiki ta karkatar da bakin matarsa. Ta rasu aikin bai kammala ba, shi kuma bai daina ba. Ɗalibansa suka bi fannonin da ake yayi, 'ya'yansa suka yi nisa. Matar da ke share ofishinsa ta ce min takan same shi da abin sauraro a kunne, yana maimaita sauraron muryar wani tsoho yana cewa "ruwa", har ta gama shara ta fita.

Haka ya zauna da 'yata wata da watanni. Ta faɗi kalma, na'ura ta kuskure, ya ce, "Laifin wannan daƙiƙiyar ne, ba naki ba. Sake faɗa mata." Yau 'yata da kanta take cewa malamarta tana son fita, ba ta ƙara jiƙa kayanta a aji ba.

Farfesa, kai ne ka zauna ka saurari waɗanda mutane ke ƙarasa wa magana don gajen haƙuri. Kunnen marasa murya, na gode. Allah ya saka maka.

Makon jiya ya yi ritaya. An jera kujeru a zauren taro, yawancinsu ba kowa. Ya miƙa makullin ofis, muka taya shi ɗauko kwalaye. Yanzu ba inda zai je da safe. Ina jin takunsa a saman silin ɗinmu, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga.

Jiya na ba 'yata tsumma, muka hau. Ta goge kujerar nan ta biyu, ta ɗare, wayar ta ce, "Baba, na zo hira." Ya juya yana neman kofi, ya daɗe bai juyo ba.

Mai karatu, ka koyi haƙurinsa. Kuma in akwai irinsa kusa da kai, ka hau ka ƙwanƙwasa yau. Kada ka bari sai ranar da takun ya daina.