Ramuka a Cukun Inna Zulaihatu

A duk Bazaga ban san mai ƙyanƙyami kamar Inna Zulaihatu ba. Bafulatana ce, matar marigayi Jaje, shekara talatin muna maƙwabtaka da ita. In ƙuda ya faɗa mata a madara, kare take zuba wa. In ka yi atishawa kusa da ƙoranta, kwana uku sai dai ka yi ta gaisuwa kai kaɗai. Da wannan hali ta yi suna, har daga Birnin Konni ana aiko 'yan kabu-kabu su ɗauki cukunta.

Abin dariyar, duk tsabtar nan a kan ƙazanta take zaune. Akwai wata kwalba da take ratayewa a rumfa, cikinta busasshen tumbin ɗan akuya mai shan nono ne, an jiƙa shi da ruwa. Shi take ɗigawa a madara ta kama, sannan ta shimfiɗa ta falle-falle a kan asabari ta sha rana. Warin kwalbar nan, Allah ya raba ka. In ta buɗe ta, ni Karima sai na toshe hanci na koma ƙofar gida, ita kuwa ta ce wai mu manoma ba mu san daɗi ba.

Shekara biyu ke nan da cutar yana ta rufe mata ido. Hannu bai manta aikinsa ba, amma ido ya tafi. Wata safiya na leƙa asabarinta: ƙudaje sun nutse cikin ɗanyen cuku, ga gashin akuya, ga wani abu baƙi da har yau ban so in san ko mene ne. Tana zaune gefe, sai wanke hannu take yi.

Ban iya gaya mata ba. Ba ta da ɗa, ba ta da komai sai sunan nan. Sai na mai da shi aikina: kullum ta shiga ɗaki sallar walha, in ɗauki tsinke in bi cukun ɗaya ɗaya ina cirewa. Wata shida ina haka, kuma wallahi ko rana ɗaya ban saba ba.

Wata Laraba na fito na tarar da ita tsugune, tana shafa cukun da yatsa a hankali.

"Karima, ramun ga na mi ne?"

Na ce ƙila tsuntsu ne.

"Tsuntsun da ka zuwa sai na kabbarta salla? Goma sha ɗaya na ƙilga bisa guda. Ƙuda na?"

Ta tofar da yawu, ta yi ta goge yatsan a zanenta kamar za ta cire fatar.

"Kuma mutane sun ci?"

"Bayan na tsince, Inna."

Ta lalubi gungumen rumfa, ta sauko da kwalbar ta tura mini a hannu, ta kife ƙwaryarta.

"In ɗan Konni ya taho, ki hwaɗa mishi Zulaihatu ta bari. Ba ni cin abin ga, ba ni ba wani."

Yanzu ni ke yin cukun. Kwalbar tana rumfata, warinta na nan yadda yake. Kowace safiya ina kai mata falle ɗaya. Ba ta kai shi baki sai ta shafa shi kaf, gaba da baya.